Gogen kamshaf, ɗan Beljiyam ko sabo dal: wanne ya dace da motarka?

Duk wanda ya fara jin motarsa ta yi nauyi a hanyar Kaduna zuwa Zariya, ko tana nishi idan zai wuce tirela, ba ya rasa mai ba shi shawara a gareji cewa a kai kamshaf a goge, wai mota za ta tashi kamar tsuntsuwa. Maganar tana da tushe, amma ba kowace mota take karɓa ba.

Kamshaf shi ne sandar ƙarfen da ke buɗe bawul, yana juyi ɗaya duk lokacin da kurankishaf, wato babban sandar da fistin ke juyawa, ya yi biyu. Tozayen da ke jikinsa su ne ke yanke nisan da bawul zai buɗe da tsawon lokacin da zai zauna a buɗe. Mai goge ba ƙara ƙarfe yake yi ba. Bayan tozon yake ci, gefen da yake zagaye, sai tozon ya zama ya fi tsayi a kan abin da ya rage. Bawul ya ƙara buɗewa, iska da fetur su ƙara shiga.

To amma ƙarfin da aka samu, sama yake komawa, wato sai an taka totur allurar ta haura. A ƙasa kuwa mota takan rage kuzari, silo ya riƙa rawa, wani lokaci birki ma ya yi tauri saboda zuƙar iskar da yake dogara da ita ta ragu. Wanda yawancin tuƙinsa daga Kawo zuwa Kasuwar Barci ne, cikin cunkoson Ahmadu Bello Way, a giya ta biyu da ta uku yake yini. Ya sayi ƙarfin da ba zai taɓa amfani da shi ba, ga ƙarin shan mai, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 kowa ya san yadda lita take.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa mai mota ba. Taurin kamshaf a fatarsa yake, ba ya nisa ciki. In aka ci ƙarfen ya wuce wannan fata kuma ba a sake taurara shi ba, tozon zai cinye, garin ƙarfen ya bi baƙin mai ya zagaye injin. Sannan injin da ke goge kurankishaf daban, na kamshaf daban, domin shi sai da samfurin tozon da zai bi. Saboda haka kafin ka miƙa kayanka, ka ce, "Maigida, a nuna mini injin da samfurin." In aka fara kame-kame, ka ɗauki abinka.

Inda goge yake da ma'ana shi ne tsofaffin injuna irin na Peugeot 504, wadda a da aka daɗe ana haɗawa a Kakuri, Kaduna. Bawul ɗinta da sukuru ake saita shi, don haka giɓin da goge ya bari bakanike zai cike da sifana, kafireto kuma ana iya daidaita ta da hannu. Corolla da Camry masu VVT-i, wato tsarin da kwamfuta ke sauya lokacin buɗe bawul, ba haka suke ba. A injinansu, 1ZZ da 2AZ, babu sukurun saiti, sai dai a canja kofunan da ke kan bawul da masu wani kauri, guda 16, kowanne da awonsa. Ga kwamfutar motar da aka tsara ta a kan kamshaf na asali.

Sabon kamshaf na tsere, wanda ake odarsa daga waje, ya fi goge aminci, sai dai da dala ake saye, kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Yakan nemi sifirin bawul mai ƙarfi, a auna tazarar bawul da fistin, a sake tsara kwamfuta. Na masu mota ta biyu ne.

Ga yawancin mutane, ɗan Beljiyam mai lafiya shi ne ciniki. Ka je Oriyapata, kasuwar kayan gyaran mota ta Kaduna, da bakanikenka da kuma tsohon kamshaf ɗinka don a gwada, saboda na shigar iska da na fitar hayaƙi ba ɗaya ba ne. Ka bi kan kowane tozo da farce. In farcen ya maƙale a wani zane, ajiye shi. Launin shuɗi alamar ya taɓa gudu babu baƙin mai ne. A sa mikromita a auna tozayen, su zo daidai da juna. Ka kuma nemi sharaɗin cewa in bai yi ba za ka mayar.

Kafin duk wannan ma, a gwada matsin silinda, a duba filogi, nozul, matatar iska da salansa. Sau da yawa nauyin da ake ɗora wa kamshaf salansa ce ta toshe, ko sarƙar taimin ta saki.