Gidan Robie da Villa Savoye: ɗaya ya kwanta, ɗaya ya yi ɗage

Malam, ka tambaya ko salon gini na Prairie na mai zanen gine-gine Frank Lloyd Wright da fararen gidajen takwaransa Le Corbusier duk abu ɗaya ne, tunda kowanne yana da dogayen tagogi a jere da falo a buɗe. Tagogin ne kawai suka yi kama. Ka duba inda gini ya haɗu da ƙasa, a nan suka raba hanya.

Gidan Robie da ke Shikago, wanda Wright ya zana a salon Prairie aka kuma gama a 1910, an yi shi ne ya kwaikwayi shimfiɗaɗɗiyar ƙasar tsakiyar Amurka, don haka komai nasa a kwance yake. Jan bulonsa siriri ne, tsawonsa kusan santimita 30, kaurinsa wajen 4. Dabarar tana wajen magini: simintin da ke tsakanin sahu da sahu mai haske ne, an ɗan kwarfe shi ya shiga ciki, wanda ke tsakanin bulo da bulo a tsaye kuwa an rina shi ja, an shafe shi daidai da fuskar bango. In ka tsaya daga nesa, dogayen layuka kawai za ka gani. In magini ya shafe su duka iri ɗaya, to rabin kyan ya tafi.

Rufin ba shi da tudu sosai, kuma a wani gefen ya zarce bango da kusan mita 6 ba tare da ginshiƙi ba. Katako ba zai iya wannan ba, ƙarfe ne a ɓoye yake riƙe da shi. Bakin rufin nan yana tare ranar bazara, ya bar ta hunturu ta shigo tunda a lokacin tana ƙasa-ƙasa. Murhun ɗumama ɗaki yana tsakiya, shi ya raba falo da wurin cin abinci. Falon kansa a bene yake, amma daga titi ba ka cika lura ba.

Villa Savoye kuwa, gidan da Le Corbusier ya zana a Poissy kusa da Paris, aka gama a 1931, farin akwati ne da aka ɗora kan siraran ginshiƙan kankare. Ciyawa ta wuce abinta, mota ta kewaya ƙarƙashin gida ta shiga gareji. Filin da aka ci a ƙasa an rama shi da lambu a kan rufi. Wannan gida kallon fili yake yi daga sama, bai ce zai zama ɓangarensa ba.

A wajen ruwa, mu dai Wright muke ba gaskiya. Savoye ba shi da bakin rufi, ruwan sama yana dukan bango da tagogi kai tsaye, shimfiɗaɗɗen rufin kuma yana riƙe ruwa. Tun shekarun farko matar gidan ke rubuta wasiƙun koke kan yoyo, a 1940 iyalin suka bar shi.

Sai dai dogon zarce ma yana da nasa ciwon. Yana duhunta ɗaki, kuma in ƙarfe ya yi kaɗan yakan sunkuya sannu a hankali. Barandar Fallingwater, gidan da Wright ya zana a 1935, ta sauka kusan santimita 18, sai a 2002 aka ɗaure ta da igiyoyin ƙarfe.