CUPS a shagunan buga takardu na Katsina: yana aiki, amma sai an saita matatarsa

Masu shagon buga takardu a wajen Ƙofar Ƙaura da kusa da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da suka koma Ubuntu (wani nau'in tsarin kwamfuta na Linux), manhajar CUPS ce ke tura musu aiki zuwa firinta. Kyauta ne, ba ya yawan tsayawa. Inda yake ba da wahala shi ne matata, wato ƙananan manhajojin da ke juya fayil ɗin PDF zuwa yaren da firinta ke ganewa.

A fara da girman takarda. Sau da yawa yana zuwa a kan Letter na Amurka, milimita 216 da 279, alhali A4 ɗinmu 210 da 297 ne, shi ya sa shafin furojet ɗin ɗalibi ke fitowa a karkace. A buɗe shafin saitin CUPS, wato localhost:631, a burauza a sauya, ko a rubuta lpoptions -o media=A4 a tagar rubuta umarni (terminal). Ana son shafi biyu a fuska ɗaya? A rubuta lpoptions -o number-up=2.

Babban ciwon kai shi ne saƙon "Filter failed". Ba ya faɗin komai. Sai an kunna cupsctl --debug-logging an duba /var/log/cups/error_log. Wani lokaci ko dai babu kunshin matatu na cups-filters, ko kuma wata matata a /usr/lib/cups/filter ba mallakin root (babban asusun mai kula da kwamfutar) ba ce, CUPS kuwa ba ya taɓa irin wannan.

HP LaserJet 1020 kuma tana buƙatar a loda mata firmware, wato manhajar da ke tafiyar da ita daga ciki, duk lokacin da aka kunna ta, don haka da an ɗauke wuta an dawo da ita a tabbatar direban firintar, hplip ko foo2zjs, ya sake tura mata.