Kiyos ɗin PMU a Damagaram: tike, allo da ciwon "saura ƙiris"

Kiyos ɗin PMU, wato cacar tseren dawaki, da ke ƙarƙashin LONANI, kamfanin caca na ƙasar Nijar, irin waɗanda ake gani a Sabon Gari da gefen kasuwar Dolé, aikinsu ba shi da wuyar ganewa. Ka karɓi takardar program, ka zaɓi lambobin dawakin da za su yi tsere a Faransa, a Vincennes ko Auteuil ko Longchamp, ka biya, a ba ka tike. Ta nan babu ƙorafi. Sai dai a duba lambobin da aka buga kafin a bar gaban taga, a kuma adana tiken, don shi kaɗai ne shaida.

Matsalar tana wurin allon sakamako. Da an rubuta lambobin da suka zo, sai ka ji mutum ya dafe kai yana cewa: "Wallahi saura ƙiris, biyu sun shigo, 7 ne ya ci amanata." Ga lissafin da ba a liƙa shi jikin kiyos, a wasan da ake zaɓen dawaki uku da za su zo a gaba. A tsere mai dawaki 16, hanyoyin zaɓen uku su 560 ne, ɗaya tak ke ci. Waɗanda za su kama biyu su rasa ɗaya kuwa 39 ne. Wato "saura ƙiris" ya ninka cin sau 39 yawa, ko da makaho ne ya zaɓi lambobin. In kuma ana son su zo a jere, na ɗaya, na biyu, na uku, hanyoyin sun koma 3,360.

Takardun hasashe suna ƙara wa wutar fetur. Suna jera dawaki takwas ko tara, don haka da wuya wanda ya ci ya rasa a cikinsu, mai tike kuma ya ce ai ya gan shi da safe, da ya sani da shi ya sa. Da na sani ƙeya ce. Bai tuna sauran biyar da ya gani suka zo a baya ba. A 2009, Luke Clark da abokan aikinsa a jami'ar Cambridge sun nuna cewa kuskure da kaɗan yana motsa sashen ƙwaƙwalwar da cin kuɗi ke motsawa, yana kuma ƙara kwaɗayin sake zubawa, alhali aljihu ko dala bai ƙaru da ita ba.

Sannan kuɗin da ake rabawa na masu zubi ne, bayan an cire kason kamfani da na gwamnati. In dokin da kowa ke so ya zo, rabon sai ya tsinke.

Hukuncin malamai a kan caca sananne ne, ba sai an maimaita ba. A ma'aunin kasuwa ma, mai sa dala arba'in kullum ya zubar da jaka shida a wata, kuma tike mai lamba biyu daidai a wasan dawaki uku darajarsa ɗaya da wanda bai kama ko ɗaya ba.