Murya Ɗaya ko Muryoyi da Dama: Wa Zai Ba da Labarin Aminan?

Marubucin da ya ɗauki labarin wasu mata da suka tashi tare a ƙaramin gari, suka kuma riƙe amincinsu tun daga ƙuruciya har furfura, dole ne ya yanke shawarar bakin da labarin zai fito.

Hanya ta farko ita ce a bar ɗaya daga cikinsu, bayan ta tsufa, ta waiwayi baya. Amfaninta shi ne kusanci, domin mai karatu yana jin yadda manyan al'amuran tarihi, kamar yaƙi ko yunwa ko sauyin mulki, suke isowa garin a matsayin jita-jita kafin su ƙwanƙwasa ƙofar kowa. Sai dai tsohuwa tana mantuwa, kuma tana kare kanta, saboda haka saɓanin da ya raba ta da aminiyarta shekara 20 ba zai zo mana ba sai yadda ita take son a tuna da shi. Wani lokaci wannan gibin ne ma daɗin littafin.

Hanya ta biyu tana raba babobi tsakanin matan, ta yadda wadda aure ya kai birni da wadda ta zauna a gida kowace za ta ga zamanin ta fuskarta. A ganina ita ce ta fi ɗaukar nauyin tarihi, amma ta fi wuyar rubutawa, don idan ba a ba kowace mace salon maganarta ba, mai karatu zai kasa gane wadda ke magana.