GP14: kwalekwalen iskar da ya dace da tseren mutum biyu a ruwan Zariya

Duk wanda zai sayi kwalekwalen iska na mutum biyu don ya yi tsere a irin ruwan da muke da shi a Zariya, shawarata ya nemi GP14, kuma na katako in ya samu mai lafiya. Shi muke tuƙawa ni da ƙanena. Na san daɗinsa, na kuma san inda yake gajiyar da mutum.

Ga wanda bai taɓa gani ba, kwalekwale ne mara inji, iska ce ke tura shi ta ƙyallen da aka ɗaura wa doguwar sanda. Matuƙi yana baya riƙe da sitiyari da igiyar babban ƙyalle. Ɗan gaba kuma yana kula da ƙyallen gaba da allon da ake saukarwa ta ƙasan jirgi don kada iska ta riƙa zamewa da shi gefe. Na koyi abin ne lokacin da nake karatu a Ingila, a wani ƙaramin kulob na bakin dam. A nan gida mu 'yan tsiraru ne, jiragenmu ba su taka kara sun karya ba, kuma jarkokin manja muke ɗaura wa dutse mu jefa a ruwa su zama alamomin da ake zagayawa. Duk da haka tsere ne na gaske, da usur da agogo da gardama bayan an fito.

Wani Bature ɗan Landan mai suna Jack Holt ne ya tsara GP14 a 1949. Tsawonsa ƙafa 14 ne, wato mita 4.27, faɗinsa mita 1.54, gangar jikinsa kuma kilo 133. Alamarsa ƙararrawa ce a saman babban ƙyalle. Tun asali an yi shi ne don iyali su fita yawo da shi, a tuƙa shi da filafili in iska ta ɗauke, a kuma yi tsere da shi, shi ya sa yake da faɗi da nauyi. Wannan nauyin da wasu ke raina shi a kai, shi ne abin da ya fi yi mana amfani.

Dalili kuwa iskarmu ce. Ruwanmu na dam ne, na Galma da na Kubanni, ba teku ba. Da hunturu iska tana zuwa daga arewa maso gabas, amma ba ta zuwa a jere. Takan bi ta kan itatuwa da gonakin bakin ruwa ta karye, sai ta lafa har ƙyalle ya saki jiki, can kuma ta buso gaba ɗaya. Jirgi mara nauyi a irin wannan busowar kan kife kafin ɗan gaba ya gama miƙe ƙafa. GP14 yakan karkata ne a hankali, ya ba ka damar sassauta igiya. Akwai ranar da wata iska ta zo mana muna dab da jarkar ƙarshe. Na hango ruwa ya yi baƙi-baƙi yana tahowa, ƙanena ya ce, “Yaya, ga ta nan fa!” Muka soka ƙafafu ƙarƙashin maɗauri muka kwanta baya, ruwa ya taɓa leɓen jirgin, ya shigo kamar cikin bokiti guda, jirgin ya miƙe ya ci gaba da tafiyarsa.

Kifewa a wurinmu ba abin wasa ba ce kamar yadda Turawa ke ɗaukarta. Su sanyi suke tsoro, mu kuwa tsargiya. Ruwan dam da yawa a arewa yana da dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar, kuma ta fata take shiga, musamman a bakin ruwa inda ciyawa take. Don haka jirgin da zai riƙa zubar da kai a ruwa kowane mako ba naka ba ne, komai gudunsa. Rigar ceto kuma dole ce ko da ka iya iyo.

Abu na biyu shi ne allon ƙasa. Na GP14 yana juyawa ne a kan ƙusa, in ya daki wani abu sai ya koma baya ya shige gidansa. Laka ta cike wurare da yawa a dam ɗinmu, na Kubanni ma an daɗe ana kuka da hakan, ga kututturai a ƙasa, ga ragar masunta. Jirgin da allonsa ake cusawa tsaye daga sama, in ya daki kututture da gudu, gidan allon ne zai tsage. Mu dai mukan ji ƙara, mu ɗaga allo, mu wuce. Ragar masunta kuwa mun koyi tambayar inda aka kafa ta kafin mu jefa jarkoki, don abincin mutane ne.

Na duba wasu kafin na tsaya a kansa. Enterprise, shi ma na Jack Holt ne, na 1956, mai shuɗin ƙyalle. Kilo 94 ne kawai, yana da sauƙin ja a bakin ruwa, kuma a iska mai laushi yana juyawa da kyau ƙwarai. Har yanzu ina son sa. Amma in iska tana bayanka da ƙarfi yakan yi ta rangaji, kuma tsofaffinsa in sun kife sukan tashi cike da ruwa. Mai suna 420, wanda Christian Maury ya tsara a Faransa a 1959, jirgin matasa ne, yana da igiyar lilo da ɗan gaba ke ratayawa ya fita waje da jikinsa duka. Ni da ƙanena mun haura kilo 160 a haɗe, mun yi masa nauyi. Wayfarer na Ian Proctor, na 1957, ya fi GP14 natsuwa, da irinsa Frank Dye ya tsallaka daga Sikotilan zuwa Aisilan a 1963, sai dai kusan kilo 170 ne, mutum biyu ba sa fitar da shi daga lakarmu. RS200 na 1995 ya fi su duka daɗin gudu, amma ba ya yafe kuskure, kuma komai nasa sai an yi odarsa daga waje. Hobie 16 mai jiki biyu, irin wanda ake tsere da shi a Lagos Yacht Club, kulob ɗin da aka kafa tun 1932, yana son fili. A babban dam irin na Tiga zai sake, a nan kuwa kafin ya gama juyawa ya iso gaɓa.

Yanzu ga aibinsa. Jawo shi daga ruwa aiki ne, musamman da rani in ruwa ya ja baya ya bar laka mai nisa; tayoyin keken da ake ɗora shi a ja sukan nutse, sai mun nemi hannu na uku. Ƙyallen gabansa babba ne, yana cin hannun ɗan gaba, yana kuma tare wa matuƙi gani, saboda haka a nemi mai tagar roba a jiki. Akwai ƙyalle na uku mai kumbura da ake ɗagawa in iska tana baya, sifinika, mai murabba'in mita 8.4, wanda sai da sandarsa ta daban. Ƙanena ya sha fama kafin hannunsa ya faɗa, kuma har yau a nan ne muka fi yin asarar lokaci. In tsohon ƙira ne mai daɓe ɗaya kamar namu, ranar da ya kife sai an yi ta kwarfa da bokiti. Na baya-bayan nan masu daɓe biyu suna tashi da ruwa kaɗan, sun kuma fi tsada.

Abin da ya sa na nace kan na katako shi ne gyara. A wurina GP14 tamkar Fijo 504 ce, duk mai hannu zai iya taɓa ta. Hunturun farko da ya yi a Zariya bushewa ta buɗe masa haɗi a gefen gidan allo, ruwa ya fara tsattsafowa. Na kira wani dattijon kafinta daga Sabon Gari wanda bai taɓa aikin jirgi ba. Ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa yana saurare, ya ce, “Alhaji, ai wannan filawud ne da gam, ba wani abu ba. Kawo mini gam ɗin da ba ya jin ruwa.” Ya kankare wurin har farin katako ya fito, ya cusa gam ɗin ifoksi, ya ɗaure da matsi ya bar shi ya kwana. Bai sake yoyo ba. Na faiba, wato mai jikin roba, ba ya tsoron hunturu, gaskiya ne, amma ranarmu tana cin fatarsa, kuma in ya fashe samun mai yi masa gyara mai kyau a nan sai an tona. Na katakon dai yana son inuwa da rufi, da sabon fenti kafin kowane hunturu, kuma kada a ajiye shi a ƙasa saboda gara.

Akwai kuma maganar kulob kansa. In jirage iri-iri ne, sai an yi lissafi bayan tsere: a tsarin Portsmouth ana ninka lokacin da ka ɗauka da 1000, a raba da lambar irin jirginka, ta GP14 tana ɗan sama da 1100. Tsarin yana aiki, amma ba daɗi ka riga kowa isowa a ce maka kai ne na uku. In duk iri ɗaya muka saya, wanda ya fara tsallake layi shi ya ci, kuma ƙyalle ko sandar wani za ta shiga jirgin wani. An ƙera GP14 kusan 14,000, don haka na hannu ba ya wuyar samu a Ingila da Ayalan. Nawa kuɗin kawo shi ta Apapa zuwa Zariya ya fi kuɗin sayensa, shi ya sa nake roƙon masu niyya su haɗa kai su cika kwantena ɗaya.

Wanda zai duba maka jirgin kafin a biya, ka ce ya danna babban yatsa a gindin gidan allo, da inda sanda ke zama, da kusurwoyin baya; in katako ya lotsa, a bar shi. Ya ɗaga ƙyallayen a rana ya ga ko ɗinki ya saki, ya hura jakunkunan iskar da ke hana jirgi nutsewa ya ga ko suna riƙewa. A sa igiyoyi da ƙananan wilolin da igiya ke bi ta kansu na ajiya a cikin kayan, da gam ɗin ifoksi isasshe, don su ne abubuwan da za ka zagaye kasuwar Sabon Gari ba ka samu irinsu ba.