Hattara da masu musanya injin agogo a Kumasi

Salamu alaikum jama'a, musamman mutanen Aboabo, Asawasi da Alabar masu tsofaffin agogon batir irin Seiko da Citizen ɗin nan da iyayenmu suka zo da su daga Makka. Don Allah ku daina barin agogonku ya kwana a teburin mai gyaran da ba ku sani ba.

Ga yadda suke yi. Kana kai agogo ya tsaya, zai buɗe ya girgiza kai ya ce ai injin ya mutu, sai an yi odar sabo, ka turo kuɗi ta MoMo (tura kuɗi ta waya) ka dawo jibi. Kana juya baya ya cire injin asali ya ajiye abinsa, ya sa maka ɗan ƙaramin inji na arha da zoben roba fari da zai riƙe shi kar ya yi ta yawo a ciki. Haka aka yi wa kawuna wajen Kejetia, da muka buɗe wallahi har ƙafafun da ke bayan fuskar agogon an gutsure an manna da gam, kwanan wata ma ya daina juyawa gaba ɗaya. Da aka koma wai tsohon injin ya jefar a bola. Ƙarya ne, kayan cikinsa ake sayarwa, ko kwayil ɗin kaɗai, wato naɗin siririyar wayar da ke cikin injin, masu gyara nemansa suke.

Kuma sau da yawa ba wani mutuwa da injin ya yi. Ko tsohon batir ne ya zubo ruwa ya bar farin gari ko kore a inda yake zama, ko mai ya bushe ya daskare. Wasu Seiko ɗin in ka ga hannun sakan yana tsalle bibbiyu, batir ne kawai ya kusa ƙarewa.

Abin da za ka yi, a buɗe a gabanka ka ɗauki hoton cikin da wayarka. A Seiko lamba huɗun farko da ke murfin baya, misali 7546, su ne lambar injin, kuma suna rubuce a jikin injin ma, to ka duba sun yi daidai ranar karɓa. Batir kuma ka ce wanda lambarsa ta fara da SR kake so ba LR ba, LR ɗin nan ya fi saurin zubewa. In dole sai an canja inji, a gaya maka tun farko kuma a miƙo maka tsohon a hannu kafin ka biya ko pesewa ɗaya.

A tura wa dattawa, su aka fi yi wa.