Babur ɗin daji na yoyon baƙin mai: sil, fakin ko gam za ka saya?

Kafin ka fitar da ko kwabo, gano inda man yake fita. Iska tana kora shi baya, ƙura tana kama shi, sai ka ga gindin inji ya jiƙe alhali daga sama ya gangaro. Wanke injin tas, ya bushe, ka barbaɗa hoda a duk mahaɗa, ka tayar da shi minti 10. Inda hodar ta fara baƙi, nan ne. Ka duba kuma tiyon da inji ke numfashi ta cikinsa. Idan laka ta toshe shi, ko an cika mai ya wuce layi, iskar ciki za ta turo mai waje ko da kayanka sababbi ne.

A babura irin su Yamaha AG200 da Honda XR, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi yawan yoyo shi ne sil ɗin da ke bayan ƙaramin siroket na gaba; sil shi ne zoben robar da ke tare mai a kewayen ƙarfen da ke juyawa. Yashi da ciyawa na nannaɗewa a wurin, kuma in an ɗaure sarƙa tamau tana jan ƙarfen da siroket ɗin ke kai har ta cinye leɓen robar. Sai sil ɗin giya, da na kik, da fakin murfin kan inji, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin ƙarfe biyu don ta tare mai.

Ni dai zaɓina sil da fakin na asali, na kamfanin babur ɗin, ko sil na NOK, wanda kamfanin Japan ne da ya daɗe a wannan sana'a. Sun fi tsada, amma kaurin fakin daidai yake da yadda aka auna injin, ramukan mai suna inda ya kamata, kuma ba ya buƙatar gam ko ɗigo. Goge fuskar ƙarfen da kyau, ɗora shi a bushe, ɗaure notuna a gicciye sannu a hankali. Ƙananan notunan murfi masu milimita 6 ba sa son ƙarfi. Jikin injin alminiyom ne, zarensa ba ya da wuyar lalacewa. Sil kuwa girmansa na rubuce a jikinsa da lamba uku, misali 20-35-7: faɗin ciki, faɗin waje, kauri. Tafi shago da tsohon a aljihu. In ka samu na robar Viton, ya fi jure zafi, yana kai wajen digiri 200, na roba gama-gari kuma daga 100 zuwa 120 ya fara sarewa.

Takardar fakin da ake yankawa da almakashi ta fitar da kai daga daji ce kawai. Maganin da ake zubawa cikin mai wai ya tsayar da yoyo kuwa, kumbura roba yake yi na ɗan lokaci, kuma man nan shi ne kulocinka ke wanka a ciki. Bar shi a kanta.

Gam ɗin silikon ja shi ne ya taɓa ƙona ni. Wani bakanike ya lafta mini shi a murfin kuloc kamar yana shafa man gyaɗa. Yoyo ya tsaya, na ji daɗi. Ashe abin da ya matso ta ciki ya gutsuttsure ya toshe rariyar mai, mai ya daina hawa sama, kan injin ya ci kansa ina tsakiyar hanyar gona da damina. Kuɗin gyaran ya ninka na fakin sau ban san adadi ba. Gam yana da wurinsa: mahaɗar ɓarin inji biyu a baburan da aka ƙera ba fakin a wurin, kuma mai ruwan toka irin Yamabond ko ThreeBond, a shafa siriri kamar fatar albasa.

Sai jabu, wanda ya fi komai ba ni haushi, domin leda da tambari yanzu ba sa nuna komai. Kada ka yarda da "orijina ne, Alhaji". Buɗe ledar a gaban mai shago. Sil na gaske lambobinsa a fili suke, leɓensa sumul, ƙaramin sifirin ɗin da ke cikinsa a zaune daram. Na jabu za ka ga ragowar roba a gefe, ko ya yi tauri kamar busasshiyar fata, ko sifirin ya faɗo da taɓawa ɗaya. Fakin na jabu yakan yi laushi kamar kwali. Ɗora shi a kan tsohon, in rami ɗaya ya kauce, mayar. Akwai masu wanke tsohon sil su sa a sabuwar leda, don haka duba leɓen a hasken rana, wanda ya taɓa aiki yana da zobe mai sheƙi. In farashi ya faɗi ƙasa da rabin na sauran shaguna, tambayi dalili. Kuma tsaya a wurin bakanike har a sa, ka karɓi tsohon da hannunka.

Ƙara da washar notin juye mai, wato ƙaramin zoben da ke ƙarƙashin notin, ta alminiyom ko tagulla. Sau ɗaya take matsuwa, kuɗinta kaɗan ne, ka sayi biyar ka ajiye.